A Nawa Littafin Ba Haka Yake Ba

Na sauka daga jirgin ƙasa a wani gari na gabashin Jamus da akwati biyu, da adireshin ɗaki a cikin wayata, da cikakken tabbaci cewa ba ɗan da zai cuce ni, tunda ni malamin lissafi ne a jami'a. Kafin la'asar aka nuna mini iyakata. Adireshin ya kai ni shagon gyaran kekuna. Mai shagon ya karɓi wayar, ya dubi hoton ɗakin da na kama tun ina Sakkwato, mai gado da labule da tukunyar fure a taga, ya girgiza kai ya ce ba ni ne na farko ba. Dillalin da muka yi wata guda muna gaisawa ta intanet, har yana tambayata lafiyar iyali, ya rufe layinsa ya ɓace da kuɗin kamun ɗakin. Na tsaya bakin titi da kaftani da hula, cikin sanyin da ban san Allah ya halicci irinsa ba, ina zagin mutumin a zuci, ina zagin kaina a fili.

Mai kekunan ne ya yi mini kwatancen wani ɗan masallaci a bayan tasha, a saman shagon kayan miya. Na ja akwatuna na hau. Bayan salla na koma gefe na kira matata Hadiza, na ce mata da munka iso anka tarbe mu, ɗaki kuwa sai wanda ya gani. Ina kashe wayar sai na ji an ce a bayana da Hausa tsantsa, "Basakkwace, ka ji tsoron Allah. A cikin masallaci kake, kuma ga akwatunanka nan." Na waiwaya na ga wani dogo yana dariya. Sunansa Sagiru, Bakano ne, yana digiri na uku a kan sinadarai. Ya ɗauki akwati ɗaya ya ce in biyo shi. Mako biyu na yi a ƙasan ɗakinsa, kuma daga ranar har na baro ƙasar bai taɓa kirana da sunana Attahiru ba. Munka yake ce mini.

Shi ya samo mini ɗaki a gidan wata tsohuwa mai suna Helga, wadda na laƙaba wa Inna. Mace ce mai faɗa. Ta yi mini faɗa a kan shara, wai na haɗa kwalba da takarda a mazubi ɗaya, ta yi mini faɗa a kan ruwan da nake jiƙa mata banɗaki da shi wajen alwala. Amma ranar Lahadi ta farko, da na fita sayen abinci na tarar da garin a rufe ruf kamar an yi mutuwa, na dawo na zauna da yunwata, sai na ji an ƙwanƙwasa. Ta ajiye mini dafaffen dankali da burodi da man shanu, ta nuna tukunyar ta ce ba alade, ta juya. Da sanyi ya kankama ta ba ni kwat ɗin mijinta da ya rasu. Hannunsa ya yi mini gajere, amma shekara uku ina sa shi.

Kewar gida ba ta zo mini da wuri ba, sai da rana ta fara faɗuwa tun ƙarfe huɗu. Ni da nake tsine wa zafin Sakkwato duk bazara, na wayi gari ina marmarinsa. Na bar 'yata Asma'u tana rarrafe. Da ta fara magana, wayar uwarta take nunawa ta ce Baba. Hadiza ta ba ni labarin tana dariya, ni ma na yi dariyar, da muka gama na shiga ɗaki na yi kuka na share fuskata na tafi makaranta.

Abin da ya kai ni shi ne digiri na uku, kuma an gindaya mini shekara uku cif. Tallafin karatun na shekara uku ne, hutun da jami'armu ta ba ni na shekara uku ne, takardar zamana a ƙasar ma ranar da tallafin ya ƙare take mutuwa. In na gama kundina a cikin wannan wa'adi, na koma gida Dokta. In ban gama ba, na koma sashenmu hannu rabbana, in zauna a ƙarƙashin waɗanda na koyar. Kullum da wannan nake tashi.

Fannina kuwa ba shi da wuyar faɗa. Akwai matsalolin lissafi da ba a warware su a tashi ɗaya. Sai ka kintaci amsa, ka saka ta a wata dabara, ta ba ka wadda ta fi ta kusa da gaskiya, ka sake sakawa, ka yi ta maimaitawa taki bayan taki. Da irin wannan kwamfuta ke wanke hoton asibiti da ya fito dishi-dishi har likita ya ga abin da ke ciki. Aikinmu mu masu bincike shi ne mu kawo hujja cewa takun nan lallai zai kai ga amsar, ba yawo zai yi ta yi da mutum ba. Mai duba aikina, Farfesa Katrin, ta yi suna a wannan fage. Tana da wata ƙaramar ƙa'ida da ta wallafa a mujalla, irin wadda masu lissafi ke kira lema, wadda ta ce muddin tsawon kowane taki bai kai wata iyaka ba, to isa ga amsa dole ne. A kan wannan lema aka ce in gina babi biyu cikin biyar na kundina. Da na yi wa Sagiru bayani ya ce ai shi ke nan, na shiga ƙarƙashin lemar Malama, ruwa ba zai dake ni ba.

Ranar farko Farfesa ta ce in riƙa kiranta Katrin kawai. Ina! Bakina ya ƙi. Farfesa na ci gaba da ce mata har ta gaji ta ƙyale ni. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne seminar ranar Talata. Tana tsaye a allo tana bayani, sai wani ɗalibi da gajeren wando, yana cin tuffa, ya ce mata layin nan ba daidai ba ne. Ko tashi bai yi ba. Na jira in ga an kore shi. Ita kuwa ta dubi layin, ta ce ya yi gaskiya, ta goge. Na ce a raina wannan ba ilimi ba ne, rashin tarbiyya ne, kuma na gode wa Allah da ya sa aka haife ni inda aka haife ni.

Don ni a zauren Baffana na tashi, ƙanen mahaifina, a unguwar Hubbare. Tun kafin in san boko nake zama a gefen tabarmarsa ina jin manya na ɗaukar karatu. A zauren nan, in malam ya yi tuntuɓe a wata kalma, ɗalibi ba ya cewa an yi kuskure. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, Allah gafarta Malam, a nawa littafin ba haka yake ba. Kowa ya san littafin ɗaya ne, sau da yawa ma bugu ɗaya, shago ɗaya aka saya. Malam sai ya ce a miƙo, ya duba, ya ce naka ya fi inganci, a ci gaba. An gyara karatu, ba wanda ya ji kunya. Abin ya samo asali tun lokacin da ake kwafar littafi da hannu, lokacin da da gaske naka zai iya saɓa wa nawa, amma har yau haka ake yi, kuma har yau ina ganin kyansa.

Shekara ta farko ta tafi lafiya lau. Na rubuta babi biyu, Farfesa ta yaba. A tsakiyar ta biyu na fara gwada dabarar a kwamfuta da hotuna. Ni mutum ne mai gaggawa, wannan kowa ya sani a gidanmu. Sauran ɗalibai kan zaɓi matsakaicin taki su jira. Ni kuwa na ce tunda lema ta ba ni dama har kusa da iyaka, me zai sa in yi tafiyar hawainiya? Na sa takun ya riƙa matsawa kusa da iyakar a kowane zagaye, bai dai taɓa ta ba. Sai hoton ya ƙi tsayawa. Ya yi haske, ya yi duhu, ya yi haske, ya yi duhu. Na bar kwamfutar tana aiki na je na ci abinci na dawo, yana nan yana abu ɗaya.

Mako uku ina neman kuskurena, don ban kawo wa raina cewa na wani ne ba. Na sake rubuta umarnin kwamfutar daga farko. Na canza hoto. Daga baya na ajiye kwamfutar na ɗauki takarda da fensir, na rage matsalar har ta koma lamba ɗaya a kan layi ɗaya, abin da ɗan aji biyu zai iya bi. A nan na gan shi ƙuru-ƙuru. Kamar mai neman ƙofar gida a lungu ne, ya wuce ta, ya juyo ya sake wuce ta. Tazararsa da ƙofar tana raguwa, amma raguwar kanta tana ƙanƙancewa da sauri har ba za ta taɓa cinye tazarar ba. Duk sharuɗɗan lema sun cika, amsa kuwa ba a isa ba. Na koma hujjar Farfesa na bi ta layi-layi, na sami wurin a shafi na huɗu, inda ta rubuta cewa abin a bayyane yake. Lemar da nake ƙarƙashinta yoyo take.

Na yi abin da aka koya mini. Na sa rigata mai kyau, na je ofishinta, na gaishe ta, na buɗe shafi na huɗu, na sunkuyar da kai na ce mata da Turanci, a nawa kwafin kamar layin nan ba haka yake ba. Ta ce to wataƙila tsohon kwafi nake riƙe da shi. Kafin in kai ƙofa ta turo mini sabo ta imel. Na buɗe, ko ɗigo bai bambanta ba.

Bayan mako biyu na sake komawa da mataki na biyu, wanda shi ma na zaure ne. Na ce ban gane layin ba, ko za ta taimaka ta sake yi mini bayani. A wurinmu malam na jin haka daga ɗalibin da ya san ba daƙiƙi ba ne, zai tsaya ya sake duba abin da kansa. Ita sai ta ɗauka da gaske ban gane ba. Ta zauna ta yi mini bayani a hankali, da haƙuri, irin wanda ake yi wa mai rauni, ta tsallake ramin daidai inda ta tsallake shi a rubuce. Na ce na gode. Karo na uku na ajiye mata hotunan nan masu haske da duhu a kan tebur ban ce komai ba. Ta ce in duba umarnin kwamfutata, ɗalibai kan yi kuskure a nan. Wallahi raina ya ɓaci. Na fito ina cewa wace irin mace ce wannan, a gaya mata magana sau uku ta yi kunnen uwar shegu? Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko ta ma san an gaya mata wani abu ba.

Daga nan na yi shiru, kuma shirun ya yi wata bakwai. Na ci gaba da rubuta babi na uku da na huɗu a kan abin da na san ba ya tsaye. Hannuna ya yi nauyi, shafi ɗaya sai ya ci mini mako. Farfesa ta rubuta a rahoton shekara cewa na fara da ƙarfi amma na ja baya. Har wani taron masana muka je tare a wani gari, ta tsaya gaban jama'a ta kawo lemar nan, ina zaune a layi na uku ina kallon takalmina.

Da abin ya ishe ni na fasa wa Sagiru a kan tuwon semo da miyar kuka da ya yi mana. Bai yi wata-wata ba ya ce in rufe bakina. Ya ce saura wata tara, in na tona wannan babi biyu sun tafi, kuma ba wanda zai ƙara mini ko kwana ɗaya. Ya ce shekara nawa lemar nan na cikin mujalla ba wanda ya gani, sai ni Munka? In karɓi digirina, in na koma Sakkwato na huta sai in rubuta gyaran da sunana. Ba mugun mutum ba ne Sagiru, tsoro yake ji mini, kuma lissafinsa daidai ne. Na kwana biyu ina juya shawarar, har na fara jin daɗinta.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kira Baffa. Ban yi niyyar gaya masa ba, gaisuwa na kira, amma ya ji muryata ya ce in faɗi abin da ke akwai. Na kwashe duka na gaya masa, ina jiran ya yaba mini, don a ganina na riƙe tarbiyyar zaurensa a ƙasar da ba a san ta ba. Ya tambaye ni ko matar ta taɓa zama a zaure. Na ce a'a. Ina jin hayaniyar masu ziyarar Hubbare a bayansa. Sannan ya ce, "Attahiru, wagga magana ta littahi, don malam ya san nuhinta anka yi ta. In bai sani ba, ba ka hwaɗa mai komi ba. Wanga ba ladabi na ba, ɓoyon ilimi na. Tashi ka tai ka hwaɗa mata da bakin da taka ji." Na ce Baffa, digirin fa? Ya ce shi bai san digiri ba, amma ya san ba a rubuta abin da aka san ƙarya ne a sa sunan gidansu a kai. Ya ce in gaida Bakanon, ya kashe.

Litinin da safe na ƙwanƙwasa ofishinta. Ban zauna ba, don na san in na zauna zan fara gaisuwa, in na fara gaisuwa kuma shi ke nan. Na wuce allo na ɗauki alli na rubuta misalina, layi shida. Na juyo na ce, "Farfesa, lemar ba daidai ba ce. Kuskuren yana shafi na huɗu." Tunda nake ban taɓa faɗa wa wanda ya koyar da ni irin wannan magana ba.

Ta tashi ta zo allon. Ta fi minti ashirin tana bin layukan, tana rubutu a gefe tana gogewa, ni kuwa ina tsaye riƙe da alli. Can ta ajiye nata ta ce na yi gaskiya, kuma misalin yana da kyau ƙwarai. Har na fara sauke numfashi, sai ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce wata bakwai.

Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Ta wanke ni tas. Ta ce kuskure ba komai ba ne, duk mai lissafi yana yi, ana gyarawa a wuce. Ta ce a cikin watannin nan mutum biyu sun rubuto mata suna gina aikinsu a kan lemar, ta ce su ci gaba. "Ka zauna a layi na uku," in ji ta, "ka bar ni na tsaya gaban mutane na faɗi abin da ka san ba gaskiya ba ne. Me na yi maka?" Nan nawa ran ya tashi. Na ce sau uku na gaya mata, ita ce ba ta ji ba. Ta ce yaushe? Na lissafa mata, kwafi da rashin ganewa da hotuna, na yi mata bayanin zauren Baffa tun daga tabarma. Ta koma kujera ta zauna ta dafe kai. Da ta ɗago ta ce al'adar tana da kyau, da ma an gaya mata, amma daga yau in ina da magana in zo da alli.

A ranar ta rubuta wa mujallar da mutanen nan biyu, ta sa sunana a matsayin wanda ya gano. Babi na uku da na huɗu suka rushe kamar yadda Sagiru ya faɗa. Ta rubuta wa masu tallafin ta nemo mini ƙarin lokaci, suka ce babu. Saura wata tara, ga kundi rabi. Amma abin mamaki, tun da na fito daga ofishin nan na ji ƙarfina ya dawo. Na san abin da ya karye, na san inda ya karye, kuma a duniya ba wanda ya kai ni sanin ramin nan, don wata bakwai na yi ina leƙa shi.

Aikin da ya rage shi ne in gano sharaɗin da ya ɓace, wato iyakar saurin da taki zai iya matsawa kusa da iyaka ba tare da an ɓata ba, in kuma kawo hujja. Ba wahayi a ciki, zama ne da rubutu da gogewa. Hujjata ta farko Farfesa ta karya ta a minti goma a gaban kowa ranar Talata. Ta biyu ni na karya ta da kaina a cikin motar haya. A kan ta uku muka yi wata guda muna fafatawa. Ta ce layi kaza bai biyo ba, na ce ya biyo, ta ce in nuna, na nuna, ta ce to. Wata rana na ji muryata ta cika ɗakin semina ina ce mata a'a, ta sake dubawa, har mai gajeren wandon nan ya daina tauna ya juyo. Inna Helga ta lura na rame, ta shiga ajiye mini miya a bakin ƙofa tana faɗan wai ba ta son a mutu mata a gida. Na miƙa kundin saura kwana goma sha ɗaya wa'adi ya cika. Ya fi wanda na yi niyya sirantaka, amma duk layin da ke ciki zan iya rantsuwa a kansa.

A can a bainar jama'a ake kare kundi. Sagiru ya zo da babbar riga, Inna Helga ta zo ta zauna a gaba da jakarta a cinya ko da yake ba abin da za ta gane. Cikin masu jarrabawar akwai wani dattijo da aka gayyato daga wata ƙasa, farin gashi, ƙaramin jiki, wanda tun ina digiri na biyu a Sakkwato nake karanta ayyukansa. Na yi bayanina na gama, aka yi tambayoyi na amsa. Tambayar dattijon ce ta zo a ƙarshe. Ya buɗe babi na uku, ya cire tabarau, ya ce in ya fahimce ni, ina cewa duk wanda ya yi amfani da tsohuwar lemar ba tare da sabon sharaɗin ba, hujjarsa ba ta tsaya ba. Na ce haka ne. Ya ce to shi ma ya yi amfani da ita a wata maƙala tasa, me zan ce?

Na san maƙalar, na kuma san tana da matsalar, don na bi ta tun watannin shiruna. Wannan mutum sa hannunsa nake jira, takardar zamana kuma saura kwanaki. Na dubi Farfesa, ta kafe idonta a kan tebur, ba ta da niyyar ceto na. Na ji tsohuwar maganar zaure ta zo mini baki, na haɗiye ta.

Na ce, "To taka ma tana bukatar gyara, ranka ya daɗe. A ƙa'ida ta biyu, layi na sha ɗaya. Sakamakon zai tsira in ka ƙara sharaɗin, amma yadda yake a rubuce bai tsaya ba."

Na ji Sagiru ya ce innalillahi a hankali daga baya. Dattijon ya dube ni, sannan ya zaro biro ya rubuta wani abu a bayan kundina. Shugaban zaman ya ce kowa ya fita, za su yi shawara.

Sun fi rabin awa a ciki. Ina tsaye a baranda cikin kwat mai gajeren hannu, Sagiru na ce mini da ma ya san bakin Basakkwace sai ya ja mana. Ta jikin ƙofa muna jin muryoyi na tashi. Da aka buɗe, dattijon ne ya fara fitowa, riƙe da kwamfutarsa a buɗe a kan maƙalar tasa. Ya nufo ni kai tsaye ya miƙo mini hannu.

Ya ce, "Dokta, layi na sha biyu ne, ba na sha ɗaya ba."

Na karɓi kwamfutar na ƙirga da yatsa. Shi ke da gaskiya, kuma na gaya masa haka.